Layi Takwas da Ban Karanta ma Baba Nomau Ba

Kun ce mi ke da wuya cikin aikinmu? Wai mutum ya zauna inuwa, a miƙo mishi takarda, ya karanta, a sallame shi. Ɗayanku har da dariya, wai shi in kalmar Ingilishi ta gagare shi waya yake latsawa, kafin ya ƙyafta ido ma'ana ta fito. To madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Amma tunda kun tsokano ni, ku gyara zama.

Shekara talatin da 'yan kai na yi bakin gidan waya na Tawa, ina karanta ma mutane wasiƙa ina rubuta musu amsa. Masu Faransanci suna da yawa, duk wanda ya ɗan taɓa lakwal, makarantar boko, sai ya kafa tebur. Ingilishi kuwa mu biyu ne kaɗai, ni da maigidana Malam Sidi. Kuma aikin Ingilishi ya fi yawa, don da an gama yankan hatsi mazan Adar sai su kama hanyar kurmi, wasu Kumasi, wasu Ankara. Can ba su iya rubutu ba, sai su je wurin masu tebur irinmu, su kuma da Ingilishi suke rubutawa. Takarda ta yi wata guda bisa hanya, ta faɗo hannun tsohon da bai taɓa riƙa alƙalami ba. Daga Afala, daga Bambai, daga Barmu, ran Lahadi in kasuwa ta ci, layi suke yi gabanmu, kowa da ambulan cikin hula ko ƙulle a bakin zane.

Ni Ingilishina na aji huɗu ne, a Sakkwato na samo shi lokacin da mahaifina ke fatauci can. Malam Sidi ya yi akawun kanti a Kumasi shekara da shekaru kafin ido ya fara ba shi wahala ya dawo gida. Kayan aikinmu ba su da yawa: tebur mai naɗewa, akwatin ƙarfe, kwalbar tawada, alƙaluman ƙarfe, takarda mai shanye tawada, da ƙamus guda. Ƙamus ɗin na 'yan makaranta ne, Ingilishi zuwa Ingilishi, wani baduku ya yi mishi riga da jar fata. Kun san mi ake nufi da Ingilishi zuwa Ingilishi? Ka nemi kalma guda, ya ba ka uku da ba ka sani ba. Ka bi ta farko, ta kai ka wata, waccan ta maido ka inda ka taso. Akwai ranar da kalma ɗaya ta ci mini hantsi cur.

Wasiƙar farko da Malam Sidi ya bari na karanta ni kaɗai ta wata mata ce daga Bambai. Na kai tsakiya na ci karo da kalmar da ban sani ba, sai na jawo ƙamus na ɗora bisa tebur na fara buɗawa. Matar ta dube ni, ta dubi littafin, ta miƙo hannu ta zare takardarta. Ta ce, "Ashe kai ma koyo kake. Bari Malam shi dawo." Da Malam ya dawo ya ji, bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauke ƙamus ya maida ƙarƙashin tebur, ya rufe shi da buzu. Ya ce mutanen nan in sun ga ka buɗe littafi sun gama yarda da kai. In dole ne, ka ce za ka kama ruwa, ka zagaya bayan gini ka duba. Haka munka yi ta aiki, littafin da ke ciyar da mu muna ɓoye shi kamar kayan sata.

Sai kuma maganar waƙa. Marubutan Kumasi suna da wata al'ada: in mai saƙo yana son a girmama wanda zai karɓa, sai ya ƙara wani abu, su kwafo mishi baitin waƙar Turawa daga littattafan makaranta su ɗora saman takarda. Da gani za ka gane ta, layukan gajeru ne, an tura su ciki, ba su kai bakin takarda ba. Kalmomin ciki kuwa, kai! Ba irin waɗanda ake ciniki da su ba ne. Tsofaffi ne, wasu an gutsure musu kai, wasu ko Bature sai ya sosa ƙeya. Malam Sidi ya ce mini, "Wannan ado ne, na mai rubutu ne, ba na mai saƙo ba. Ka tsallake. Mutum ya taho tun daga ƙauye da jaki, yana son ya ji ɗansa na da rai, ya koma kafin rana ta faɗi." Na ga gaskiyarsa. Kuma, in faɗa muku abin da ban faɗa ma kowa ba lokacin, na ji daɗin dokar, don ta raba ni da zagayawa bayan gini. Shekara huɗu ina tsallakewa ba wanda ya taɓa tambaya ta.

Baba Nomau mutumin Barmu ne, manomi, dogo, ba ya son yawan magana. Ɗansa guda namiji, Illa, yana dako a Kumasi. Wata Lahadi bayan kaka ya zo da takarda. Lokacin Malam Sidi ido ya gama rufewa, ni kaɗai ke tebur. Na warware, na ga baiti a sama, na sauka ƙasa. Gaisuwa ce, da cewa yana lafiya, ya aiko da turmin atamfa ma uwarsa hannun wani, kada a sayar da jar karsana ko mi za a yi, yana nan tafe kafin ruwa ya sauka. Baba Nomau ya ce in sake karanta wurin karsana. Na sake. Ya ce, "Shi ke nan duka?" Na ce, "Shi ke nan, Baba." Ya naɗe takarda ya sa cikin hula ya tafi.

Wannan ita ce muguwar shekarar. Ba mu fi shekara huɗu da samun mulkin kai ba, anka ce wasu sun tsallako iyaka da bindigogi, kuma wai daga Gana anka shiryo su. Gari ya rikice. Maƙwabci na tsoron maƙwabci. Hanyoyi duk an gitta itace, masu kaki na zazzage kaya. Takarda mai tambarin Gana kuwa ta zama masifa, wasu ƙonawa suke yi ba tare da sun ji abin da ke ciki ba. Baba Nomau bai san wannan ba, ko ya sani bai ɗauka da shi ake ba. A shingen bakin kasuwa anka ce ya tuɓe hula.

Ran Litinin da hantsi mutum biyu sunka zo teburina, sunka ce in ɗauko kayan aiki in biyo su. Ofishin ba sai na faɗa muku wane ne ba. Na iske Baba Nomau zaune ƙasa, ba hula, leɓensa ya kumbura. Babban nasu, ajudan, yana da takardar gabansa. Ya ce, "Kai ka karanta ma wanga tsoho?" Na ce ni ne, ranka shi daɗe. Ya ce tsoho ya ba su labarin abin da ke ciki har sau uku, atamfa da karsana da gaisuwa. Ya ce in karanta ina nuna kowane layi da yatsa. Na fara daga inda na saba farawa. Ya kama hannuna ya maida shi sama.

"Waɗannan fa? Na ƙirga, takwas ne. An ware su daban. Tsoho ya rantse ba a gaya mishi komi cikinsu ba. Ko shi ke ɓoyewa, ko kai."

Na ce waƙa ce, ado ne, ba mu karantawa. Ya yi wata irin dariya. Ya ce, "Mai dako ya biya kuɗi a rubuta ma ubansa waƙar da ba za a karanta ba? Ni za ka maida yaro?" Baba Nomau ya ɗago kai ya dube ni. Ni ne na gaya mishi shi ke nan duka.

A nan, gaban kowa, na fitar da ƙamus na ɗora bisa teburin gwamnati. Wani akawu ya zauna kusa da ni, ina faɗi da Hausa yana maidawa Faransanci. Daga hantsi har la'asar. Ku da kuke cewa abu ne mai sauƙi, ku zo ku nemi kalma, mutum da bulala tsaye bayanku. Layin farko kaɗai kalma huɗu na nema. Akwai wadda littafi ya ce ƙasan wurin wuta ce, na nemi wurin wuta, ya ce inda ake hura wuta cikin ɗaki ƙarƙashin bututun hayaƙi, sai da na zagaya haka kafin na gane murhu ake nufi. Akwai wadda na nema ban samu ba, ashe an cire mata harafi ne don ta zauna cikin waƙa, sai da na yi ta gwada haruffa ɗaya ɗaya. A hankali abu ya fara fitowa. Wani matafiyi ne ya daɗe ba ya gida, ya hau tudu cikin sanyi, ƙanƙara na zuba, ya hango hayaƙi na tashi daga ɗakin uwarsa. Ashe marubucin Kumasi bai zaɓa da ka ba. Abin da ke cikin ran Illa ne ya nemo mishi.

Amma kalma uku sun ƙi. Na duba gaba, na duba baya, babu su cikin littafin. Ɗaya ita ce ke faɗin inda gidan yake. Ɗaya abin da matafiyin ya ratsa ta cikinsa. Ta ukun wani abu ne da ke zaune bisa ƙofa yana waƙa.

Ga inda har yau ban san ko na yi daidai ba. Ajudan bai iya Ingilishi ba, akawu ma haka. Da na buɗe baki na ce can nesa, na ce daji, na ce tsuntsu, ba tare da na tsaya ba, wallahi ba wanda zai gane. Zuciyata ma ta ba ni haka ne. Amma akawu ya riga ya raɗa mini cewa takardar da fassarar duka Yamai za a kai su, can akwai masu duba aiki, in an sami bambanci ni za a nema. Tsoro ya kama ni, ba wani riƙon gaskiya ba ne, tsoro ne. Na ce, "Ranka shi daɗe, waɗannan uku babu su cikin littafina."

Ya karɓi fassarar ya duba guraben da akawu ya bari. Ya ce, "Wuri, da hanya, da mai tsaron ƙofa. Su ne kawai littafinka bai sani ba?" Na ce ina zato na ƙarshen tsuntsu ne, tunda waƙa yake. Ya ce mutum ma na waƙa, shi ba ya aiki da zato. Ya ce mota na tashi ran Alhamis da safe da waɗanda za a kai kudu. In na kawo mishi littafin da kalmomin ke ciki, ya gani da idonsa, tsoho ya tafi gida. In ba haka ba, can su bincika.

Da zan fita na durƙusa kusa da Baba Nomau na ce ya yi haƙuri, zan samo. Ya ce, "Jakina na wurin mai goro bakin kasuwa. Ka ce a ba shi ruwa."

Talata na taka Tawa kaf. Ba su bar ni da takardar ba, sai na rubuta kalmomin uku cikin naɗin hulata ta ciki, don yawo da guntun takarda mai Ingilishi a wannan lokaci neman bala'i ne. Na je wurin Malam Sidi na jera mishi haruffa, ya girgiza kai, ya ce bai taɓa karanta baiti ko guda ba duk zamansa Kumasi. Na je babbar makaranta, anka ce mushe, malamin da ke koyar da Ingilishi, ba shi da lafiya an kai shi Yamai, ɗakinsa a kulle. Na je wurin wani Bayarabe mai ɗaukar hoto, da ya ji kalmar Gana sai ya tura ni waje, yana cewa shi baƙo ne, yana da iyali. Amma ta bayan ƙyaure ya ce mini a Ƙonni akwai wani tsohon akawu, Malam Bawa, yana da ƙamus wanda mutum ɗaya ke nishi kafin ya ɗaga.

Laraba tun da safe na hau motar albasa. Hanyar lokacin ba kwalta, ga shingaye. Sai bayan la'asar munka shiga Ƙonni. Malam Bawa dattijo ne mai tsabta, ya sa na wanke hannu kafin in taɓa littafinsa. Na tuɓe hula na juya ta. Gumi ya ɗan cinye tawada amma ana gani. Cikin abin da bai kai shan shayi ba ya samo duka ukun. Ta farko tsohuwar hanya ce ta cewa can nesa. Ta biyu wata ƙaya ce mai rawayan fure da ke fitowa bisa tuddan ƙasarsu. Ta uku kuwa har da zane a gefe: ɗan tsuntsu ne, bai kai ƙwan kaza ba, wutsiya a ɗage. Na zauna ina kallon zanen nan.

Ya ce zai kwafa mini. Na ce littafin ake so a gani. Ya ce littafinsa bai taɓa kwana waje ba. Na ba shi labarin tsoho da leɓensa da jakinsa. Ya shiga ɗaki ya fito da zanen matarsa ya naɗe littafin ciki da kansa. Allah ya jiƙan Malam Bawa.

Motar da na samu ta tashi tun cikin dare, da an bar mu da mun shiga Tawa kafin motar da za ta kai su kudu ta tashi. Littafin ne ya kashe ni. Shingen farko sunka kwance zane, sunka juya, sunka bar mu. A na biyu wani ya ce wannan ba Faransanci ba ne, daga ina? Ya sauke ni. Direba ya jira kaɗan, fasinja sunka fara guna-guni, ya tafi ya bar ni. Mutumin nan ya zauna bisa kujera yana buɗe ƙamus shafi shafi, yana girgiza shi ko wani abu zai faɗo. Na roƙe shi, na ce rai ne ke jiran littafin. Ya ce in na ƙara magana zai ɗaure ni. Ina nan tsaye bakin hanya, rana ta ɗaga, wata babbar mota mai rufin tamfol ta taho daga wajen Tawa. Anka ɗage mata itace ba tare da ta tsaya ba. Ta baya na hango mutane zaune a ƙasa, an haɗa su da igiya. Ban ga fuskar Baba Nomau ba, kuma ban yi kira ba.

Duk da haka, da mutumin ya maido mini littafin na samu wata mota na kai shi, bayan azahar. Ajudan ya sa tabarau, ya bi yatsana, ya dubi tsuntsun, ya ce, "To, ashe tsuntsu ne." Ya ce akawu ya cike guraben a aika. Na ce tsoho fa? Ya ce tsoho ya fita hannunsa, sai abin da can sunka gani.

Wata bakwai Baba Nomau ya yi. Sun sake shi ana tsakiyar damina, ba wanda ya gaya mishi laifinsa, ba wanda ya ce ya yi haƙuri. A amalanke anka kai shi Barmu, ƙafafu sun kumbura, tari ya kama shi. Illa bai dawo ba wannan shekara, don ya ji duk wanda ya taho daga Gana kamawa ake. Gona ta kwana ba shuka, karsana kuma dole anka sayar. Kafin a yanke gero tsoho ya rasu.

Tun daga ranar ƙamus bai sake komawa ƙarƙashin tebur ba. Na yi asarar mutane da yawa, sunka koma wurin wani sabon yaro da ba ya buɗe littafi, ko da yake rabin abin da yake faɗa ƙirƙira ce. Ban damu ba. Baiti in ya zo, ko zai kai mu magariba sai na bi shi kalma kalma, mai takarda na tsaki ina yi.

Bayan ta fita takaba, matarsa Inna Habsu ta zo teburina. Ban taɓa ganinta ba, ita ta faɗi ko wace ce. Na rasa inda zan sa idona. Na fara cewa, "Inna, ni ne..." Ta ce, "Na san ko kai wane ne. Babu wani mai Ingilishin kirki garin ga, shi ya sa na zo. Ɗauki alƙalami."

Ta faɗa, ina rubutawa. A gaya ma Illa tsohonsa ya cika ran Juma'a, an rufe shi kusa da kakansa. Bai bar mishi faɗa ba. In hanya ta yi kyau ya taho, in ba ta yi ba ya zauna inda yake, ta fi son shi da rai. In zai aiko takarda kada ya sake bari a sa mishi waƙa.

Na gama na busar da tawada, zan naɗe. Ta ce in dakata. Ta duƙa ta tsinto tsakuwoyi cike da hannu. Ta jawo takardar gabanta, a juye ma ta riƙe ta sai da na gyara mata. Ta ɗora tsakuwa guda bakin kowane layi, tun daga na sama har na ƙasa, har da inda na sa kwanan wata. Sannan ta ce, "Karanta. Duk wanda ka karanta in ɗauke dutsensa."

Na karanta, tana ɗaukewa ɗaya ɗaya. Da munka kai ƙarshe saura tsakuwa guda can ƙasa. Ta ɗora yatsa kanta ta dube ni.

"Wannan fa?"

Na ce, "Sunana ne, Inna. Mai rubutu yakan sa sunansa."

Ta ce, "Goge shi."